Ta ina zan fara koya wa abokina Basine Turancin kasuwanci?

Wani matashi da ke zaune a Guangzhou yana saya wa 'yan kasuwar Kano kaya ya aiko da tambaya. Ya ce yana da aboki Basine da ke aiki a sashen sayarwa na wata masana'antar fitilu a Zhongshan, wanda ya karanta Turanci tun yana firamare kuma ya ci jarrabawarsa a jami'a, amma har yanzu wasiƙunsa suna rikita masu saye daga ƙasashen waje. Abokin ya roƙe shi ya taimaka masa, shi kuma bai san ta inda zai kama ba, ko ta haddar kalmomi ko ta nahawu.

Ƙanena, kada ka fara da jerin kalmomi, kada kuma ka fara da babin farko na littafin nahawu. Ka ce wa abokinka ya buɗe maka wasiƙu goma na ƙarshe da ya aika wa masu saye, tare da amsoshin da aka ba shi, domin a cikinsu manhajar karatunku take. Na shafe shekaru ina koyar da ma'aikatan kamfanonin fitar da kaya a lardin Guangdong, kuma kuskuren da na fi ganin sababbin malamai suna yi shi ne ɗaukar irin wannan mutum a matsayin ɗan koyo. Tun daga 2001 manufar ilimi ta ƙasar Sin ta sa ana fara Turanci daga aji uku na firamare, sannan harshen waje, wanda ga mafi yawan ɗalibai Turanci ne, yana cikin manyan darussan jarrabawar shiga jami'a da suke kira gaokao, bayan haka kuma ga jarrabawar Turanci da ake kira CET a jami'a. Wanda ya ratsa waɗannan matakai ya haddace dubban kalmomi, kuma wataƙila ya fi ka sanin sunayen ƙa'idojin nahawu. Sinawa da kansu suna da suna ga wannan yanayi, suna cewa "yaba yingyu", wato Turancin bebe: mutum ya iya zaɓar amsa daidai a takardar jarrabawa, amma idan mai saye ya tsaya gabansa ko ya kira shi a waya sai harshe ya ƙi motsi. Idan ka ƙara masa wani jerin kalmomi, ka mayar da shi ne kan hanyar da ta kawo shi inda yake.

Idan kun zauna da wasiƙun, za ka ga kurakurai rututu, kuma hannunka zai yi ta ƙaiƙayin gyara kowanne. Ka daure, ka raba su gida biyu: waɗanda ke rage wa jimla kyau kawai, da waɗanda ke iya jawo asarar kuɗi. Sinanci ba shi da "a" da "the", don haka zai riƙa barin su ko ya sa su inda ba wurinsu ba, kuma wannan yana cikin abubuwan da suka fi ɗaukar lokaci kafin su gyaru. Amma ban taɓa ganin kwantenar da ta maƙale a tashar jiragen ruwa saboda an manta "the" ba. Irin waɗannan a jinkirta su. Waɗanda ke cin kuɗi kuwa sun taru ne a wurare kaɗan: lokaci, lamba, wajibci, da kuma yadda ake cewa e ko a'a.

Lokaci shi ne kan gaba. Aikatau a Sinanci ba ya canza siffa ko kaɗan. Kalma ɗaya ce ko aikin ya wuce, ko ana cikin yinsa, ko ba a fara ba. Ana gane lokaci ne daga kalmomi irin su jiya da gobe, da kuma wasu 'yan ƙananan kalmomi kamar "le" mai nuna aiki ya kammala da "guo" mai nuna an taɓa yin abu. Idan Basine ya kwaso wannan tsari ya zuba a Turanci, sai ya rubuta "We ship the goods Friday", kuma a ransa jimlar a fayyace take. Wata ɗalibata ta taɓa aika wa mai saye jimla kusan irin wannan ranar Litinin, tana nufin Juma'a mai zuwa za su yi lodi. Mai sayen ya ɗauka Juma'ar da ta wuce aka yi, ya sanar da wakilinsa na fiton kaya, ya lissafa ranar isowar jirgi, ya kuma yi wa nasa abokan ciniki alkawari. Da gaskiya ta fito, ya zargi kamfanin da ƙarya, alhali babu wanda ya yi niyyar yaudararsa. Na tuna yadda ta ajiye wayar a kan tebur tana nuna mini saƙon da yatsa, tana tambayata ina kuskuren yake, domin ita ba ta ga wani abu da ya ɓace a jimlar ba.

A nan kai Bahaushe kana da wata dama da Bature ba shi da ita, domin mu ma aikatau ɗinmu ba ya ɗaukar alamar lokaci a jikinsa yadda na Turanci yake yi. Muna cewa "na tura", "ina turawa", "zan tura", abin da ke gaban aikatau ne ke nuna inda aikin ya tsaya. Ka san wahalar da ka sha kafin "ship", "shipped" da "have shipped" su zauna maka, don haka za ka fahimci inda abin ke yi masa tauri. Kada ka zana masa jadawalin lokuta goma sha biyu da ke cikin littattafai, ya riga ya gan shi tun yana sakandare. Ka ɗauki aikatau ɗaya daga aikinsa, ka sa ya juya shi siffa huɗu: "We shipped it on 3 March", an gama kuma ga ranar, "We have shipped it", an gama kuma abin da ya dame mu shi ne halin da ake ciki yanzu, "We are packing it now", ana cikin yi, "We will ship it on 10 March", alkawari ne. Sannan a maimaita da "pay", "receive", "send", "inspect" da "confirm", har ya zama duk lokacin da zai rubuta aikatau sai ya tambayi kansa: an yi, ana yi, ko za a yi?

Akwai wani ɓangare na wannan matsala da ba a nahawu yake ba, a baki yake. Gaɓar kalma a Sinancin Mandarin tana ƙarewa ne da wasali ko "n" ko "ng", sai kuma "r" a wasu wurare, saboda haka baƙaƙen da ke cunkushe a ƙarshen "shipped", "asked" ko "costs" baƙi ne ga harshensa. Ko dai ya haɗiye su, ko ya ƙara musu wasali. Abin takaicin shi ne a daidai wannan wuri Turanci ke ajiye alamar shuɗaɗɗen lokaci da ta jam'i, don haka mutum yana iya sanin ƙa'idar sarai amma mai sauraronsa a waya bai ji ta ba. Minti biyar na karanta irin waɗannan kalmomi da ƙarfi a farkon kowane zama yana da amfani fiye da yadda ake tsammani.

Lamba kuwa, a ganina, ita ce mafi haɗari, kuma littattafan koyar da Turanci ba su cika kula ta ba. Turanci yana ƙidaya manyan lambobi da sifiri uku-uku, dubu, miliyan, biliyan, amma Sinanci da sifiri huɗu-huɗu yake tafiya: "wan" shi ne 10,000, "yi" kuma 100,000,000. Idan manajan masana'anta ya ce "35 wan", yana nufin 350,000, kuma ma'aikacin da ke fassara a tsaye, ana jiransa, yana iya cewa "thirty-five thousand" ko "three point five million" ba tare da ya ji ya yi tuntuɓe ba. Haka nan sau da yawa ana mayar da "yi" ya zama "billion", wanda ya ninka shi sau goma. Rangwame ma a juye suke lissafa shi. Idan Basine ya ce "jiu zhe", wato tara, yana nufin za ka biya kashi 90 cikin 100 na farashin, rangwamen kashi 10 ke nan. "Ba zhe" kuma rangwamen kashi 20 ne. Na sha ganin an rubuta "90% discount" a inda ake nufin kashi 10, kuma mai saye mai neman rigima yana iya riƙe wannan rubutu ya ce shi aka yi masa alkawari. Sai kwanan wata: Sinawa suna fara da shekara, sannan wata, sannan rana, Birtaniya da Najeriya rana suke sa wa gaba, Amurka kuma wata. Don haka 03/04 a wurin wani 3 ga Afrilu ne, a wurin wani kuma 4 ga Maris. Maganin duk waɗannan ɗabi'a ce da za a kama: a rubuta sunan wata da haruffa, a rubuta kowane adadi da alƙalumansa cikakku tare da nau'in kuɗin, dala ko yuan, kuma duk lambar da aka faɗa a waya, musamman irin su "thirteen" da "thirty", a biyo ta da saƙon rubutu kafin a tashi daga wurin. Ka riƙa karanta masa lambobi da Turanci yana rubutawa, shi kuma ya ba ka da "wan" da "yi" ku juya tare, har sai abin ya daina buƙatar tunani.

Batun e da a'a yana da fuska biyu. Ta farko nahawu ce tsantsa. Idan aka tambayi Basine "You haven't received the deposit?", zai iya cewa "Yes", yana nufin e, gaskiyarka, kafin alƙalamin bai shigo ba, domin a harshensa amsar tana gaskata maganar mai tambaya ne. Bature kuwa da ya ji "Yes" zai ɗauka kuɗin sun shiga. Mu ma a Hausa sau da yawa haka muke amsawa, "Ba ka karɓa ba?" sai a ce "E, ban karɓa ba", don haka ka kula kada ku taru ku biyu ku ga babu laifi. Ka koya masa kada ya taɓa amsa irin wannan tambaya da kalma ɗaya, ya cika jimlar: "No, we have not received it yet." Fuska ta biyu ta al'ada ce. A mu'amalar Sinawa ƙin abu kai tsaye yana iya zubar wa mutum mutunci, don haka akan ce abin "ba zai yi sauƙi ba", ko "za mu duba", kuma wanda ya san gari ya san an ƙi ke nan. Idan aka fassara wannan zuwa "It is not convenient" ko "We will consider it", Bajamushe ko Ba'amurke zai zauna yana jiran amsa. Ba na goyon bayan a koya wa mutum ya yar da ladabinsa, abin da yake buƙata shi ne jimlolin da suka haɗa ladabi da fayyacewa, irin su "I am sorry, we cannot meet that price, but we can offer this one." Haka nan "No problem", wadda ke fitowa daga "mei wenti", ya kamata ya ajiye ta sai inda ya tabbata zai cika, domin mai saye yana ɗaukar ta a matsayin alkawari.

Daga nan sai ƙananan kalmomin da ke ɗauke da nauyin yarjejeniya. A cikin kwangila "shall" da "must" wajibci ne, "may" izini ne da mutum ke da zaɓin yi ko bari, "should" kuma ta fi kusa da shawara. Wanda ya ɗauke su duka a matsayin abu ɗaya zai sa hannu a kan abin da bai yi niyya ba, ko ya yi zaton ya ɗaure abokin cinikinsa alhali ya bar masa ƙofa a buɗe. Haka "by" da "until", waɗanda Sinawa ke yawan musanyawa: "by Friday" yana nufin a gama kafin Juma'a ta wuce, "until Friday" kuma aikin zai ci gaba har zuwa ranar. Idan abokinka yana hulɗa da masu biya ta takardar lamunin banki, wadda 'yan kasuwa ke kira LC, to ya san cewa waɗannan kalmomi suna da ma'ana a rubuce. Dokokin da ke tafiyar da LC, wato UCP 600 na Majalisar Kasuwanci ta Duniya da ke Paris, waɗanda suka fara aiki a 2007, sun ce idan ana maganar lokacin lodi, "to", "until", "from" da "between" sun haɗa da ranar da aka ambata, amma "before" da "after" ba su haɗa da ita ba. Sun ce "beginning" na wata shi ne daga 1 zuwa 10, "middle" daga 11 zuwa 20, "end" kuma daga 21 zuwa ƙarshen watan, sannan "about" a gaban adadin kuɗi ko yawan kaya tana ba da damar ƙari ko ragin da bai wuce kashi 10 cikin 100 ba. Banki takardu yake dubawa, ba ya ganin kayan, saboda haka kalma guda da ta saɓa tana iya sa ya ƙi biya ko da fitilun suna cikin jirgi lafiya lau. Duk ɗalibin da na nuna wa wannan shafi, daga ranar yake daina ganin ƙananan kalmomi a matsayin ado.

Yanzu ga tambayarka game da kalmomi. Binciken Paul Nation, masanin koyon kalmomi daga New Zealand, ya nuna cewa mai son karanta jarida ko littafin Turanci ba tare da ƙamus ba yana buƙatar tushen kalmomi 8,000 zuwa 9,000, kuma wannan adadi yana tsorata mutane. Amma abokinka ba jarida zai rubuta ba. Kalmomi kusan 2,000 da aka fi amfani da su, irin waɗanda Michael West ya tattara tun 1953, su ne ke ɗauke da mafi yawan kowane rubutu na yau da kullum, kuma ya riga ya san su. Abin da ya rage masa 'yan ɗaruruwa ne na sana'arsa, kuma hanya mafi kyau ta tsara su ita ce bin oda ɗaya daga farkonta zuwa ƙarshenta. Mai saye ya aiko da "enquiry", aka ba shi "quotation", ya nemi "sample", aka yi ciniki kan "MOQ", wato mafi ƙarancin adadin da masana'anta za ta yarda ta yi, da "lead time", kwanakin da aikin zai ɗauka. Aka fitar da "proforma invoice", ya biya "deposit", aka yi kayan aka duba su, aka shirya "packing list" da "commercial invoice", kamfanin jirgi ya ba da "bill of lading", mai saye ya cika "balance", in kuma wani abu ya lalace a hanya sai "claim" ta biyo baya. Kowace kalma a nan tana da takarda ko mataki da ya riga ya sani a Sinanci, don haka tana da inda za ta maƙale a ƙwaƙwalwarsa.

Kada ya haddace su a ɗaiɗaice. Kalmar Turanci tana tafiya da abokan zamanta, kuma a nan ne fassara daga ƙamus ke kasawa: ana cewa "place an order", "meet a deadline", "issue an invoice", "settle the balance", "file a claim". Katin haddarsa, ko na takarda ne ko na manhaja irin Anki mai dawo da kalma bayan 'yan kwanaki, ya ɗauki jimla cikakkiya daga wasiƙar gaske. A ba da kulawa ta musamman ga wuraren da Sinanci ke da kalma ɗaya Turanci kuma biyu. "Jie" tana nufin karɓar aro da ba da aro duka, shi ya sa "borrow" da "lend" ke cakuɗewa. "Kai" tana nufin buɗewa da kunnawa, don haka mai sayar da fitilu zai ce "open the light" a gaban mai saye, alhali "switch on" ake cewa. "Ta" a baki ɗaya ce ga namiji da mace, ko da yake a rubuce sun bambanta, shi ya sa zai kira manajarsa "he" a jimla ɗaya da "she" a ta gaba, mai sauraro ya ɗauka mutum biyu ne.

Sharuɗɗan Incoterms, wato gajerun haruffan da ke fayyace wanda ke biyan kuɗin jigilar kaya da wanda ke ɗaukar haɗarin hanya, sun cancanci zama na musamman. Majalisar nan ta Paris ce ta fara fitar da su a 1936, kuma bugun 2020 yana da sharuɗɗa 11. Yawancin ma'aikatan sayarwa sun san haruffan, amma ka gwada shi ya bayyana maka su da Turanci a jimla biyu. A EXW mai saye ne ke ɗaukar kaya daga ƙofar masana'anta. A FOB alhakin kayan yana komawa kan mai saye da zarar sun hau jirgi a tashar lodi, kuma dole a ambaci tashar, kamar FOB Shenzhen. A CIF mai sayarwa ne ke biyan kuɗin jirgi da inshora har tashar da za a sauke, amma haɗarin hanya ya riga ya koma kan mai saye tun a tashar lodi, kuma wannan ne wurin da aka fi samun gardama. A DDP mai sayarwa ne ke kai kaya har inda aka yi alkawari bayan ya biya kuɗin fito. Idan ya iya faɗin wane ne ke biya, wane ne ke ɗaukar asara, kuma daga ina, to ya yi amfani da aikatau, da wajibci, da ƙananan kalmomin wuri duk a darasi ɗaya.

Ginin jimla ba zai ɗauke ku lokaci mai yawa ba. Sinanci yana haɗa "saboda" da "don haka" a jimla guda, haka "ko da yake" da "amma", shi ya sa za ka ga "Because… so…" da "Although… but…". A Turanci ɗaya ake ɗauka. Abin da ya fi wannan muhimmanci shi ne tsarin wasiƙar, domin ya saba jero dalilai tukuna kafin ya zo ga buƙata, mai saye kuma da ke karantawa a waya yana neman buƙatar a layin farko. Ya fara da abin da ya faru ko abin da yake so, dalili ya biyo baya, ya rufe da wanda zai yi mene ne kuma a wace rana.

Kai ma akwai abin da za ka kiyaye. Turancin da muka tashi da shi a Najeriya yana da nasa salon, kuma ba duka ne ke tafiya a kasuwar duniya ba. "Borrow me" da "I am coming" a lokacin da mutum ke fita za su rikita Baturke ko ɗan Brazil. Mu Hausawa kuma "p" da "f" suna yi mana gardama, saboda haka idan za ka koya masa furucin "profit", "port" ko "payment", ka haɗa da sautin ƙamus na intanet. Ka tuna kuma cewa yawancin waɗanda zai haɗu da su a baje kolin Canton na Guangzhou, wanda ake yi sau biyu a shekara tun 1957, ba Turawan Ingila ba ne. Larabawa ne da 'yan Afirka da 'yan Rasha da mutanen Kudancin Amurka, waɗanda su ma Turancin aro ne a bakinsu. Karin magana da salon Landan ba za su amfane shi a wurinsu ba, gajeriyar jimla mai lamba da rana ita ce za ta yi aiki.

Ba zan ce ya daina amfani da manhajar fassara ba, domin ba zai daina ba, kuma tana da amfani. Sharaɗin shi ne ya fara rubuta wasiƙar da kansa, sannan ya gwada da abin da manhajar ta bayar, kuma kada ya aika komai sai ya duba lamba, kwanan wata da aikatau da idonsa. Ku riƙa zama sau biyu a mako, minti arba'in ya isa. Rabin farko ku gyara wasiƙa ɗaya ta gaske, kuskure iri ɗaya kawai a kowane zama. Rabi na biyu ka zama mai saye, ka kira shi a waya daga ɗaya ɗakin don kada ya ga bakinka, ka tambaye shi farashin katan 500, ka nemi rangwame, ka yi ƙorafin cewa kaya sun makara, ka kuma jefa masa tambaya mai korewa ka ji yadda zai amsa. A zaman farko, ka ɗauki jan biro ka ja layi a ƙarƙashin kowane aikatau da kowace lamba a wasiƙun nan goma, ka bar sauran yadda suke, sannan ka miƙa masa ya gaya maka, ɗaya bayan ɗaya, ko an yi aikin, ko ana yi, ko za a yi.